Waƙoƙin da Mama Ta Ɓata

Ranar da Auta ta hau benen da ke saman shagon tela, ba abin da ke ranta sai ta sauke abin da ta ɗauko ta koma bakin aiki. Hutun tsakar rana ta samu daga kantin maganin da take aiki, ga farar riga a jikinta, ga wani abu naɗe cikin tsohon tawul ta rungume shi kamar jariri.

Ɗakin ƙarami ne, amma tsabtarsa har haushi ta ba ta. Wayoyin lantarki a nannaɗe, kowace a ƙusarta. Birori a jere kan tebur, daga dogo zuwa gajere. Saurayin da ke bayan kwamfuta ya zare iyafis daga kunnensa, ya miƙe ya amsa sallamarta, sai kuma ya tsaya yana kallonta ya manta abin da ya miƙar da shi.

"Kai ne mai gyaran waƙoƙi?" ta tambaye shi.

"Ba gyara su nake ba, tsara su nake yi."

"To, Mai Tsari, ga aiki na kawo maka."

Daga ranar sunan ya bi shi, kuma bai taɓa neman a cire masa ba.

Ta warware tawul ɗin. Faifan ajiya ne na kwamfuta, baƙi, bai fi tafin hannu ba. A cikinsa dukiyar Babanta take. Tun yana saurayi, lokacin yana aiki a gidan ruwa, Baba yake ɗaukar waƙoƙi daga rediyo. Sai ya ajiye rikoda a gaban rediyon bisa teburin falo, ya danna, ya kafa wa gidan dokar shiru. Haka ya tara kaset cike da kabad. Daga baya babban yayan Auta ya juye su kaf cikin faifan nan, buhu-buhu, ba tare da ya saurara ba, kafin yoyon rufi ya lalata kaset-kaset ɗin a zubar da su.

Mai Tsari ya jona faifan, ya buɗe, ya dafe kai. Jaka cikin jaka cikin jaka. Wata sunanta "sabo", a cikinta akwai "sabo sabo", a cikin wannan kuma "na ƙarshe", sai "na ƙarshe na gaskiya". Waƙoƙi dubbai, kusan duk ba suna.

"Wa ya yi wannan aika-aikar?"

"Yayana. Kuma ƙato ne, ka iya bakinka."

Ya yi dariya, ita ma ta yi. Ta gaya masa idon Baba ya fara rauni, yanzu sai ya yi ta lalube kafin ya sami abin da yake so, wani lokaci ya haƙura ya kashe kwamfutar ya zauna shiru. Wannan shirun ne ba ta iya jurewa.

Sai ya nuna mata manhajar da ya rubuta da hannunsa, wadda ya raɗa wa suna Rumbu. Rumbu yana sauraron kowace waƙa, ya gano ta, ya sa mata suna da sunan mawaƙi, ya jera ta a wurinta da manyan haruffa. Mutum ya rubuta harafi biyu kawai, waƙa ta fito. In ta ƙare, Rumbu ya kawo wadda ta dace da ita ba tare da an taɓa komai ba.

"Sai dai waɗannan tsofaffi ne ƙwarai," in ji shi yana gyara biron da ba abin da ya same shi. "Wasu Rumbu ba zai gane su ba sai da kunnen wanda ya tashi da su. Da za ki riƙa leƙowa kina taya ni."

Auta ta san kunne ba shi kaɗai ake nema ba. Ta ce za ta duba in ta sami sarari, ta sauko daga benen tana murmushin da tela ma sai da ya lura.

Sarari kuwa ya riƙa samuwa kullum. Su raba iyafis, ɗaya a kunnensa ɗaya a nata, wayar gajera ce don haka dole kujeru su matso. Ta ce wannan ta san ta, Baba yana sa ta in ana ruwan sama. Shi kuma ya rubuta. Ta lura ba ya katse waƙa ko da ya riga ya gane ta, kuma ba ya katse mutum in yana magana. Wannan hali shi ya fara shiga ranta, tun kafin fuskar.

Wata rana tana auna wa wata tsohuwa maganin tari, wayarta ta yi ƙara. Saƙo ne daga Mai Tsari.

"Na saurari waƙoƙi sun fi a ƙirga yau, duk na gano inda amshinsu yake. Ni ne dai har yanzu baitina yake tafiya ba amshi. Ko za ki taimaka?"

Ta karanta sau biyu, ta kusa ba tsohuwa maganin ciwon kai. Sai da ta sallame ta sannan ta rubuta:

"Mai Tsari, wannan saƙon ma na san sai da ka jera shi daga dogo zuwa gajere. Na ji. Amma amshi ba ya zuwa sai baiti ya yi daɗi."

"Zan yi ta rerawa har ya yi. Barka da aiki, Amshina."

Haka ta zama Amshi.

Duk wannan zama da hira, akwai abu ɗaya da ba ta gaya masa ba. Mamarta ta rasu tun Auta tana rarrafe, ba ta riƙe fuskarta ba sai a hoto. Amma a cikin faifan akwai wata tsohuwar waƙa mai sarewa, wadda a tsakiyarta wata murya take shigowa daga cikin falon, ta bi waƙar layi biyu, sannan ta tuntsire da dariya. Muryar Mama ce. Ita kaɗai ce ta rage musu a duniya. Baba ya haddace hanyar zuwa gare ta cikin jakunkunan nan kamar hanyar gidansa, kuma duk safiyar da kewa ta taso masa sai ya sa ta, Auta na kicin tana ji tana yin kamar ba ta ji. Ko ƙawayenta ba su san da ita ba. Ta yi niyyar gaya wa Mai Tsari, amma kullum sai ta ce bari sai gobe, don abin nata ne ita da Baba, kuma tana rowarsa.

Da maganar Mai Tsari ta isa kunnen Baba, bai yi tsalle ba.

"Wane aiki yake?"

"Manhaja yake rubutawa, Baba."

"Wato zama yake yana danne-danne. In wuta ta ɗauke fa, sana'a ta tsaya ke nan?"

Baba yana da nasa ɗan takarar, ɗan amininsa, mai babban shagon kayan sauti a bakin titi, wanda kowa ke kira Mai Sifika. Ba mugu ba ne, sai dai shi da kayan shagonsa halinsu ɗaya, ba su san a hankali ba. In ya zo gaishe da Baba, maƙwabta ma sai sun amsa. Ya sha gaya wa Auta cewa in ta aure shi har banɗaki zai sa mata sifika, ita kuma ta sha yi masa godiya.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ce ta tsaya wa Auta. Ta ce wa yayanta, "Ka bar yaron ya kawo aikin da hannunsa, ka gan shi ido da ido. In bai yi maka ba, ka kore shi da hujja."

Ranar da ya kawo aikin, Mai Tsari ya sha guga har rigarsa tana iya tsayuwa da kanta. Ya durƙusa ya gaishe da Baba, ya jona faifan a tsohuwar kwamfutar falo, ya buɗe Rumbu. Sunaye suka fito ɓaro-ɓaro, Baba ya karanta su ba tabarau. Ya ambaci wata waƙa da ya shekara yana nema, kafin ya rufe baki ta fara. Ya ambaci wata, ita ma haka. Auta na tsaye bakin labule da tiren shayi, ta ga gefen bakin Baba yana motsi, zuciyarta ta cika da murna.

Sai Baba ya gyara zama ya ce, "Sa min mai sarewar nan."

Waƙar ta fara, tas da ita, ba ko ƙura. Baba ya lumshe ido. Auta ta riƙe numfashi tana jiran wurin. Wurin ya zo, sarewa ta wuce ita kaɗai. Ba murya, ba dariya.

"Ba ita ba ce," in ji Baba.

"Ita ce, Baba," Mai Tsari ya amsa da fara'arsa, yana jin ya yi abin yabo. "Rumbu ya tarar kusan kowace waƙa kun ɗauke ta fiye da sau ɗaya. Shi ne ya zaɓi wadda ta fi tsabta ya bar muku, ya kawar da masu hayaniya."

Auta ta ajiye tiren shayin.

"Hayaniya," Baba ya maimaita a hankali. Ya miƙa hannu ya zare faifan daga jikin kwamfutar. "Tashi ka fita min daga gida."

"Baba, ku yi haƙuri, ban gane ba..."

"Ai ba za ka gane ba. Fita."

Auta ta bi shi har ƙofa, hawaye sun wanke mata fuska. Ya juyo yana neman bayani a idonta.

"Hayaniyar da ka kawar muryar Mamata ce," ta ce. "Ita kaɗai gare mu."

"Amshi, tsaya ki ji..."

Ta rufe ƙofar, ta kashe wayarta, ta jefa ta ƙasan akwati.

Gidan ya yi tsit na kwanaki. Baba ya daina kunna komai, ko rediyo. Auta tana zuwa aiki tana dawowa, in ta zo titin shagon tela sai ta tsallaka ɗaya gefen. Haushinsa take ji, amma haushin kanta ya fi, don ita ta ɗauki faifan ta kai, ita kuma ta yi shiru da abin da ya kamata ta faɗa. Ga shi kuma tana kewarsa, abin da ya fi ba ta kunya ke nan.

Mai Sifika ya zo jaje da muryarsa ta kullum. Ya ce ai waɗannan yaran masu danne-danne haka suke, abin da ya tafi a kwamfuta ya tafi ke nan. Ya ce a ba shi faifan ya wanke shi tas, ya cika wa Baba shi da sababbin waƙoƙi masu ƙara. Baba ya tura masa shi da bayan hannu ya ce, "Yi yadda ka ga dama, ba abin da ya rage a ciki."

Washegari da hantsi Gwaggo ta iso, ta tarar da Auta kwance ranar hutunta. Ta yaye mata bargo.

"Ina wayarki? Yaron nan ya zo gidana, ya tsaya a rana kamar wanda aka shanya. Ya ce ya zo nan Babanki ya hana a buɗe masa. Ni ban fahimci rabin abin da yake faɗa ba, amma ya rantse bayanin yana cikin wayarki. Kunna ta ina tsaye."

Auta ta kunna. Saƙonni suka yi ta shigowa suna tura juna.

"Amshi, Rumbu ba ya goge komai. Ban taɓa yarda ya goge ko waƙa ɗaya ba. Abin da ya kawar yana nan a wani ɓoyayyen ɗaki cikin faifan."

"Muryar Mama tana ciki. Don girman Allah kada kowa ya taɓa faifan nan."

"Na kira muryar mahaifiyarki hayaniya a gaban mahaifinki. Ko ba ki yafe min ba, ban ga laifinki ba. Ki bar ni dai in mayar muku da ita, daga nan in kin ce in ɓace, zan ɓace."

Auta ba ta san lokacin da ta zura takalmi ba. Gwaggo na kiran ta ɗauki mayafi mai kyau, ita tuni ta kai titi.

Ta tarar da Mai Sifika a shagonsa, kiɗa na tashi har gilashi na rawa, faifan Baba kuma jone da kwamfutarsa. Ta yi masa magana bai ji ba, sai ta zagaya ta kashe sautin da kanta.

"Ka goge?"

"Yanzu nake shiri, masu saye ne suka riƙe ni tun safe. Ki zauna ki ga aiki, cikin ƙiftawar ido..."

"Cire hannunka daga wurin, don Allah. Mamata tana ciki."

Ta gaya masa komai a tsaye. A karo na farko tun da ta san shi, Mai Sifika ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ya zare faifan da kansa, ya naɗe mata shi a sabuwar leda, ya ce, "Ni ma tawa ta rasu, kuma ko tarinta ban da shi. Yi sauri ki kai masa." Ya dube ta ya ƙara da cewa, "Na dai gane ba ni zan sa miki sifika a banɗaki ba."

Mai Tsari ya rame. Birorinsa ma a warwatse suke, abin da ya tabbatar wa Auta lallai ya shiga wani hali. Ta ajiye faifan a gabansa. Ya jona, ya buɗe ɓoyayyen ɗakin.

Murnarta ta koma ciki. Abin da ke ɗakin dubbai ne, ba suna ko ɗaya, sai lambobi.

"Zan saurare su ɗaya bayan ɗaya," in ji shi. "Ko zai kai ni baɗi."

Auta ta ja kujera ta zauna, ta daɗe tana kallon lambobin.

"Ta yaya Rumbu ya san waƙa tana da hayaniya?"

"Yana jin duk sautin da ba na waƙar ba ne. Motsin kujera, ƙofa, maganar mutum."

"To ashe ya iya jin ta. Kai ne ka koya masa ya guje ta. Koya masa ya nemo ta mana."

Ya juyo ya kalle ta, bakinsa a buɗe. Sai ya jawo allon rubutu ya fara dannawa da saurin da ba ta taɓa gani ba. Ita ta sauka ta sayo musu shayi wajen mai shagon kusa, ta dawo ta tarar bai ko ɗaga kai ba. Da la'asar ta yi, ya jingina ya ce, "Na juya shi. Yanzu duk inda mutum ya yi magana a kan waƙa, zai tsaya ya nuna mana."

Rumbu ya fara aiki. Can sai ya fito da ta farko. Suka raba iyafis kamar da.

Ba mai sarewar ba ce, wata waƙa ce daban. Tana cikin tafiya sai ga muryar namiji, matashi, cike da isa: "Shiru mana, ana ɗauka." Auta ta zaro ido, don Baba ne, Baba da sauran ƙuruciya. Sai wata murya ta amsa daga nesa, tana matsowa: "Ana ɗauka ko ba a ɗauka, shayinka zai huce, kuma ba zan sake dafa wani ba."

Auta ta toshe bakinta da hannu biyu. Ta san waƙar Mama, ta san dariyarta, amma ba ta taɓa jin ta tana magana ba. Ashe haka take jan ƙarshen kalma. Ashe haka take da tsiwa.

Kafin ta share hawaye Rumbu ya kawo ta biyu, ya kawo ta uku, ya ci gaba da kawowa. Mama tana tambayar wa ya ga almakashinta. Mama tana yi wa yayyen Auta faɗan sun shigo da ƙasa a ƙafa. Mama tana raɗa da gangan kusa da rikodar tana cewa mai gidan nan ya fi son rediyo da matarsa. A wata kuma jaririya ce ke tsala kuka, Mama tana lallashi, Baba yana cewa shi ke nan an ɓata masa wannan ma. Mai sarewar ta fito a tsakiyarsu, lafiyarta lau, da layinta biyu da dariyarta.

Sai a lokacin Auta ta gane dalilin da kowace waƙa take da kwafi da yawa. Duk wadda Mama ta yi magana a kai, Baba sai ya ajiye ta gefe ya jira rediyo ta sake sa waƙar ya ɗauki mai tsabta, kuma ba ya komawa kan ta farkon. Mai sarewar ce kaɗai ya tuna da ita. Sauran suna nan shekara da shekaru ba wanda ya buɗe.

Tana kuka tana dariya, har tela ya hawo ya leƙa ya koma. Mai Tsari ma idonsa ya kaɗa. Ya haɗa su duka wuri ɗaya ya tura mata allon rubutu.

"Ke za ki sa wa wannan jeren suna."

Ta rubuta: Waƙoƙin da Mama ta ɓata.

"Kin yafe min, Amshi?"

"Ni ma ai na ɓoye maka. Amma ka sani, in ka ƙara kiran wani nawa hayaniya, sai na hargitsa maka birorin nan har abada."

Baba ya ce ba zai ga yaron ba, kuma ba ya son jin wata magana ta kwamfuta. Ya shige ɗakinsa ya turo ƙofa. Gwaggo ta ce wa Mai Tsari ya tsaya a waje, ta ce wa Auta ta jona faifan a falo ta ƙara sauti.

"Shiru mana, ana ɗauka."

"Ana ɗauka ko ba a ɗauka, shayinka zai huce."

Ƙofar ɗakin ta buɗe. Baba ya fito ba takalmi, ba hula, yana dafa bango. Ya tsaya tsakiyar falo yana waige-waige kamar zai gan ta ta fito daga kicin. Auta ta kama hannunsa ta zaunar da shi. Rumbu ya wuce zuwa ta gaba da kansa, daga ita zuwa wata. Baba yana saurare, hawaye na bin gemunsa, in Mama ta yi masa tsiya sai ya yi dariya ya ce, "Ji ta fa. Haka take."

Da aka jima ya goge fuska ya ce, "Ina yaron?"

Mai Tsari ya shigo ya durƙusa tun daga bakin ƙofa.

"Matso," in ji Baba. "Na kore ka don ka ware muryarta ka ajiye gefe. To ni na fara ware ta, tun kafin a haife ka. Bambancinmu, kai ka koma ka nemo ta." Ya nuna shi da yatsa. "Amma da sharaɗi. A gidan nan ba ka ƙara kawar da komai, ko tsinke ne, sai ka tambaya."

"In Allah ya yarda, Baba."

"To ka turo manyanka. Kuma ka koya min yadda ake maimaita wadda ta wuce."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa har sai da Baba ya ce mata shiru mana, duk falon ya fashe da dariya.

Kafin biki, Baba ya zama gwanin Rumbu. Kullum yana gaban kwamfuta da iyafis a kunne, yana bin jeren nan ɗaya bayan ɗaya, don suna da yawa, ko Auta ba ta kai ƙarshensu ba. Wata rana ta shigo ta ga ya yi wuf ya rufe, ya ce ba komai. Shi da surukinsa suka riƙa ƙus-ƙus, in ta tambaya sai Mai Tsari ya ce, "An hana ni kawar da komai, an kuma hana ni faɗin komai."

Ranar aure, bayan an ɗaura, aka taru a babban zauren liyafa. Mai Sifika ne ya kawo kayan sauti kyauta, ya kafa su da kansa, ya rantse yau ba zai wuce rabin ƙara ba. Yayyen Auta sun zo da iyalansu, har ƙaton da ya sa wa jaka suna "na ƙarshe na gaskiya", wanda ango ya gaishe shi da ladabi na musamman. Auta na zaune gefen angonta, farin ciki ya cika ta har ba ta iya cin komai.

Ana tsakiyar hidima Baba ya miƙe ya karɓi abin magana.

"Jama'a, shiru mana," ya ce, waɗanda suka san labarin suka yi dariya. "Uwar yarinyar nan tana da magana."

Ya ɗaga wa ango kai. Mai Tsari ya danna wayarsa.

Wata waƙa mai taushi ta cika zauren. A ƙarƙashinta ana jin gwalantun jaririya. Sai muryar Baba ta ƙuruciya: "Don Allah ku yi shiru, ana ɗauka." Sai Mama, kusa da rikodar sosai, kamar tana tsaye a cikin zauren:

"To ɗauki wannan ma, ka ajiye mata. Auta, kina ji na? Allah ya raya min ke. Allah ya ba ki miji mai sauraron ki, ba mai ce miki shiru ba kamar wani da na sani. Allah ya sa gidanki ya cika da hayaniya."

Aka ji matashin Baba yana ƙoƙarin riƙe dariya ya kasa, ya ce, "Amin. Kin dai ɓata min waƙa."

Zauren gaba ɗaya ya amsa da amin, tsofaffi suna share ido da bakin mayafi. Baba ya dafa kan amarya da na ango ya ce, "Ni ba abin da zan ƙara a kan nata. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a masu surutu."

Hawaye suka zubo wa Auta. Mai Tsari ya sunkuyo ya ce mata a kunne, "Ina sauraro, Amshina."

Ta share hawayenta, ta riƙe hannunsa, ta ce, "Sake sa min ita."